Kutse da sarrafa bidiyo a matsayin makamin gwagwarmaya: ina zambo ya tsaya, ina laifi ya fara?

Ranar 3 ga Disamba, 2004, tashar talabijin ta BBC World ta sa wani mutum mai sanye da kwat a shirinta na kai-tsaye daga birnin Paris. Ta gabatar da shi da sunan Jude Finisterra, kakakin kamfanin sinadarai na Dow Chemical. A ranar ce aka cika shekara 20 da bala'in Bhopal na ƙasar Indiya, inda iskar gas mai guba ta kwarara daga masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide cikin dare, ta hallaka dubban mutane, ta kuma shafi sama da mutum 500,000. Dow ya sayi Union Carbide a 2001, kuma tun daga lokacin yake cewa ba shi da alhakin abin da ya faru kafin cinikin.

Mutumin ya sanar da duniya cewa kamfanin ya sauya matsayi. Ya ce Dow ya ɗauki alhakin bala'in gaba ɗaya, zai kuma rushe Union Carbide ya kashe dala biliyan 12 wajen biyan diyya da jinyar waɗanda suka jikkata da tsabtace filin masana'antar. Cikin minti 23 hannun jarin Dow ya faɗi da kashi 4.2 cikin ɗari a kasuwar Frankfurt, asarar da ta kai kimanin dala biliyan 2, kafin farashin ya farfaɗo. Bayan kamar awa biyu kamfanin ya fito ya ce bai san wannan mutum ba, kuma bai ware ko sisi ba. BBC ta nemi afuwar masu kallo.

Mai sojan gonar shi ne Jacques Servin, wanda aka fi sani da Andy Bichlbaum, ɗaya daga cikin mutum biyu da ke kiran kansu The Yes Men, wato 'yan amshin Shata. A daren ranar ya bayyana a tashar Channel 4 ta Birtaniya, ya faɗi ko shi wane ne da dalilin da ya sa ya yi abin da ya yi.

Wannan lamari na cikin fitattun misalan wata irin fasaha da ta bunƙasa tare da intanet, wadda masu yin ta ke ɗaukar shafi ko manhaja ko hoto ko muryar mai iko, su juya ta ta koma tana ba da shaida a kansa. A zamanin da kowane mai wayar hannu ke iya yanka bidiyo ya sake ɗinke shi, akwai buƙatar a san yadda fasahar ke aiki, da abin da ya raba ta da labaran ƙarya, da kuma abin da doka ta tanada ga mai yin ta.

Tushen fasahar

Dabarar ta girmi kwamfuta. A Jamus ta farkon shekarun 1930, mai zane John Heartfield ya riƙa yanka hotunan jaridu da almakashi yana liƙa su da juna, yana bugawa a mujallar ma'aikata ta AIZ. A wani aikinsa na 1932 ya ɗauki hoton Hitler yana ɗaga hannu irin gaisuwarsa, ya sa wani ƙaton attajiri a bayansa yana danƙa masa damin kuɗi a tafin hannun, sannan ya rubuta kirarin da Hitler ke yi cewa miliyoyi na bayansa. Bai ƙirƙiri hoton Hitler ba, bai ƙirƙiri kirarin ba. Haɗa su da ya yi ne ya mayar da miliyoyin magoya baya suka koma miliyoyin kuɗin masu masana'antu. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, Heartfield ya tsere zuwa Prague.

A farkon shekarun 1940 kuma, wani jami'in Ma'aikatar Yaɗa Labaran Birtaniya mai suna Charles Ridley ya ɗauki fim ɗin farfagandar Nazi da Leni Riefenstahl ta shirya, ya sake tsara faretin sojojin ta yadda suka zama kamar suna taka rawa da wani kiɗan nishaɗi na Landan. Abin lura a nan shi ne gwamnati ce ta yi aikin, a tsakiyar yaƙi. Tun farko dabarar ba ta da uban gida. Mai adawa na iya amfani da ita, mai mulki ma haka.

A 1956, Guy Debord da Gil Wolman suka wallafa wata maƙala a kan wannan salo, suka ba shi suna da kalmar Faransanci mai nufin karkatar da abu daga hanyarsa. Hujjarsu ita ce talla da fina-finai da jaridu sun riga sun mamaye idon jama'a, saboda haka mai son ya yi suka zai fi samun kunnen sauraro idan ya yi magana da kayan da mutane suka riga suka sani.

Da intanet ta zo, salon ya rabu manyan gida uku. Akwai sojan gona, inda ake kwaikwayon shafi ko murya ta hukuma. Akwai cunkushe shafi ko kutsawa cikinsa. Akwai kuma yanka da ɗinki, inda ake sake sarrafa bidiyo ko waƙa ko wasan kwamfuta. Kowanne yana da ƙarfinsa, kowanne kuma yana da irin ɓarnar da yake iya yi.

Yadda aka shammaci BBC

The Yes Men ba su fasa kwamfutar kowa ba. Abin da suka yi shi ne buɗe shafin intanet mai kama da na Dow, da tambarinsa da salon rubutunsa, suka bar shi yana jiran wanda zai faɗa. A ƙarshen Nuwamba 2004 wani mai shirya shiri a BBC yana neman wanda zai yi magana da yawun kamfanin, ya ci karo da shafin, ya aika saƙon gayyata. Raunin da suka yi amfani da shi na ɗan Adam ne: gaggawar ɗakin labarai da kuma yarda da duk abin da ya zo cikin kwat da tambari.

Ba wannan ne karon farko ba. Tun 1999 suke riƙe da wani shafi mai kama da na Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya. A 2000 aka gayyace su, bisa kuskure, wani taron lauyoyi a Salzburg ta Ostiriya, inda Servin ya tsaya a matsayin wakilin ƙungiyar ya ba da shawarar a bar 'yan ƙasa su riƙa sayar da ƙuri'unsu ga wanda ya fi taya su da tsada. Mahalarta ba su tashi sun ƙalubalance shi ba. A wajen The Yes Men, wannan shirun shi ne sakamakon aikin, domin ya nuna irin abin da masu ilimi ke iya haɗiyewa muddin babbar hukuma ce ta furta shi.

A batun Dow, dabarar ta tilasta wa kamfanin ya faɗi da bakinsa, a gaban duniya, cewa ba zai biya ƙarin diyya ba. Matsayinsa shi ne bai taɓa mallakar masana'antar ko gudanar da ita ba, kuma an rufe maganar tun 1989 lokacin da Union Carbide ya biya gwamnatin Indiya dala miliyan 470. Faɗuwar hannun jarin ma ta zama darasi: kasuwa ta hukunta kamfani saboda jin cewa zai kyautata wa waɗanda aka cutar.

Amma akwai waɗanda suka ji a jikinsu. A Bhopal, mutanen da suka shafe shekara 20 suna fama da ciwon huhu da na ido sun ji labarin, sun yi murna, sannan aka ce musu ƙarya ne. Masu suka sun kira abin rashin tausayi. Wasu masu fafutukar birnin kuwa sun ce ya dawo da Bhopal kanun labarai a ƙasashen da suka manta da shi. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne diyyar da kamfanin ya biya ba ta ƙaru ba. Warren Anderson, shugaban Union Carbide a lokacin bala'in, ya mutu a 2014 ba tare da ya gurfana a kotun Indiya ba. A Maris 2023 Kotun Ƙolin Indiya ta yi watsi da buƙatar gwamnati ta neman ƙarin diyya. Sai a Janairu 2025 aka kwashe tan 337 na sharar guba daga filin. Zambo yana jawo ido, amma ba ya maye gurbin shari'a da haɗa kan jama'a na shekaru.

Zaman dirshan a intanet

Wani fitaccen misali na gida na biyu yana da alaƙa da kudancin Meziko. Ranar 1 ga Janairu, 1994, 'yan tawayen Zapatista, yawancinsu 'yan asalin yankin Chiapas, suka yi bore a ranar da yarjejeniyar ciniki tsakanin Meziko da Amurka da Kanada ta fara aiki. Ranar 22 ga Disamba, 1997, 'yan bindiga masu alaƙa da jam'iyya mai mulki suka kashe mutum 45 a ƙauyen Acteal suna cikin addu'a, akasarinsu mata da yara, 'yan wata ƙungiya da ba ta ɗaukar makami.

Martanin da wasu mutum huɗu suka mayar daga Amurka shi ne kafa ƙungiyar Electronic Disturbance Theater. Su ne Ricardo Dominguez, Carmin Karasic, Brett Stalbaum da Stefan Wray. Sun ƙera wata 'yar manhaja mai suna FloodNet. Aikinta mai sauƙi ne: duk wanda ya buɗe ta, kwamfutarsa za ta riƙa neman shafin da aka nufa tana maimaitawa bayan 'yan daƙiƙoƙi. Idan mutane suka yi yawa, babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin sai ta gaji, ta yi nauyi ko ta tsaya. Ba a satar bayanai, ba a goge komai. Sun kira abin zaman dirshan, kamar yadda masu zanga-zanga ke zama a ƙofar ofis su hana shiga da fita. A Afrilu 1998 suka gwada shi a shafin Shugaba Ernesto Zedillo.

Ɓangaren da ya mayar da shi fasaha yana cikin wani ɗan ƙaramin tsari. Idan aka nemi shafin da babu shi, babbar kwamfutar kan amsa cewa ba a same shi ba, ta kuma rubuta hakan a kundinta. Sai mahalarta suka riƙa neman shafuka masu suna haƙƙin ɗan Adam, ko adalci, ko sunayen waɗanda aka kashe a Acteal. Haka kwamfutar gwamnati ta riƙa rubutawa da kanta cewa ba a samu adalci a nan ba.

A Satumba 1998, lokacin bikin fasaha na Ars Electronica a birnin Linz, ƙungiyar ta nufi shafuka uku: na Zedillo, na kasuwar hannun jari ta Frankfurt, da na Ma'aikatar Tsaron Amurka. Ma'aikatar ta mayar da martani da tata manhajar, wadda ta riƙa daskarar da kwamfutocin mahalarta.

Dominguez da abokansa sun kafa wa kansu sharuɗɗa. Suna amfani da sunayensu na gaskiya, suna sanar da rana da lokaci tun kafin a fara, kuma ƙarfin harin ya dogara ne ga yawan mutanen da suka zaɓi shiga. Duk da haka wasu fitattun masu kutse, irin su 'yan ƙungiyar Cult of the Dead Cow, sun soki salon, suna cewa toshe shafin abokin gaba hana shi magana ne, kuma mai kare 'yancin faɗar albarkacin baki bai kamata ya rufe bakin wani ba.

Kotuna ma sun rabu. A Yuni 2001, masu adawa da yadda ake amfani da jiragen Lufthansa wajen korar baƙin haure daga Jamus suka yi zaman dirshan a shafin kamfanin. Wata ƙaramar kotu a Frankfurt ta ci tarar wanda ya kira gangamin a 2005, amma babbar kotun yankin ta soke hukuncin a 2006, tana cewa abin bai kai matsayin tursasawa da ƙarfi ba. A Amurka labarin ya sha bamban. Bayan da magoya bayan Anonymous suka cunkushe shafin PayPal a Disamba 2010 saboda ya rufe asusun WikiLeaks, an kama mutum 14, kuma 13 daga cikinsu sun amsa laifi a 2013.

Akwai kuma canjin da ya raunana hujjar zaman dirshan ɗin. A yau mutum ɗaya na iya hayar dubban kwamfutoci da wayoyi da aka sa wa ƙwayar cuta ba da sanin masu su ba, ya durƙusar da shafi shi kaɗai. Da zarar alaƙa ta yanke tsakanin yawan mutane da ƙarfin hari, ba sauran taron jama'a a ciki. Gwamnatoci da 'yan barandansu sun fi kowa iya wannan, kuma shafukan jaridu masu zaman kansu na cikin waɗanda suka fi shan irin harin.

Yanka da ɗinki

Gida na uku shi ne wanda ya fi kusa da hannun kowa. Ranar 22 ga Fabrairu, 2011, Mu'ammar Gaddafi ya yi dogon jawabi a talabijin yana alwashin farautar masu bore gida-gida, lungu-lungu. Manufar jawabin jefa tsoro ce. Wani mawaƙi kuma ɗan jarida a Isra'ila mai tushe daga Tunisiya, Noy Alooshe, ya yanko kalmomin, ya daidaita muryar da na'ura, ya ɗora ta a kan kiɗan wata waƙar Pitbull, ya sa a YouTube da sunan Zenga Zenga. Kalmar na nufin lungu a Larabcin Libiya, duk da cewa kunnen Bahaushe zai jiyo zanga-zanga a cikinta. Miliyoyin mutane sun kalli bidiyon, har da 'yan adawar Libiya. Da wasu masu kallo Larabawa suka koka da hoton mai rawa da aka saka a gefe, Alooshe ya fitar da wani kwafin babu ita. Waƙa ba ta kayar da Gaddafi ba, amma ta rage wa barazanarsa kwarjini, kuma mulkin da ya dogara ga tsoro yana jin zafin dariya.

Wani misalin shi ne fim ɗin Jamusanci na 2004 game da kwanakin Hitler na ƙarshe, wanda aka fi sani da Downfall. Akwai wurin da jarumin fim ɗin, Bruno Ganz, ke surfa wa janar-janar ɗinsa masifa a maɓoyar ƙarƙashin ƙasa. Mutane a faɗin duniya suka riƙa sauya rubutun fassarar da ke ƙasan hoton, suna sa Hitler yana kumfar baki a kan zaɓe ko ƙwallo ko tsadar kaya. A Afrilu 2010 kamfanin Constantin Film mai haƙƙin mallaka ya sa aka sauke da yawa daga YouTube, duk da cewa daraktan fim ɗin, Oliver Hirschbiegel, ya ce suna ba shi dariya. Ba a jima ba sai ga sababbin bidiyo na Hitler yana fushi a kan saukewar.

Wannan wasa ya taɓa cin aikin wani. A Ostireliya, kamfanin BP ya kori wani ma'aikacin matatar mai saboda ya yaɗa irin wannan bidiyo lokacin da ake taƙaddamar albashi. A 2020 ya yi nasara a kotun tarayya, hukumar sasanta rikicin ƙwadago ta mayar da shi bakin aiki, aka kuma biya shi kimanin dalar Ostireliya 200,000. An karɓi hujjar cewa zambo ne a kan yadda shugabannin ke tafiyar da tattaunawar, ba kiran su 'yan Nazi ba.

Ba kullum dariya ce manufa ba. A 2002 rundunar sojin Amurka ta fitar da wasan kwamfuta mai suna America's Army domin jawo matasa shiga soja. Daga Maris 2006, mai fasaha Joseph DeLappe ya riƙa shiga wasan, ya ajiye bindigarsa, ya fara rubuta suna da shekaru da ranar mutuwar kowane sojan Amurka da aka kashe a Iraƙi a wurin da 'yan wasa ke hira. Sauran 'yan wasan kan harbe shi ko su kore shi, shi kuma ya dawo ya ci gaba. Ya yi haka har 2011, ya rubuta sunaye sama da 4,000. Bai karya wata ƙofa ba. Ya yi amfani da wasan ne ta hanyar da masu shi ba su nufa ba.

Inda aka rabu da ƙarya

Ƙirƙirarriyar basira ta sa yanzu ana iya sa wa mutum kalaman da bai taɓa furtawa ba, da fuskarsa da muryarsa. A Yuni 2019, masu fasaha Bill Posters da Daniel Howe suka sa bidiyon Mark Zuckerberg na bogi a Instagram yana alfahari da iko a kan bayanan biliyoyin mutane. Sun sa sunansu, sun bayyana cewa aikin fasaha ne, kuma manufarsu ita ce su gwada ko Facebook, wanda ya ƙi sauke wani gurɓataccen bidiyon Nancy Pelosi 'yan makonni kafin nan, zai bi ƙa'ida ɗaya idan abin ya shafi mai kamfanin. Kamfanin bai sauke shi ba.

A Maris 2022 kuwa, aka yaɗa bidiyon bogi na Shugaba Volodymyr Zelensky yana umartar sojojin Yukren su ajiye makamai, aka ma kutsa wata tashar talabijin ta ƙasar aka saka saƙon. Kayan aikin iri ɗaya ne, amma wanda ya yi wannan bai taɓa fitowa ya ce shi ne ba, domin nasararsa ta dogara ne ga kada a gane.

Idan aka jera waɗannan misalai, tambayoyi uku ke raba su. Ta farko: shin aikin yana cika ne idan an gane shi, ko yana rushewa? Na The Yes Men da na Posters ba su da ma'ana sai an tona su. Ta biyu: wa aka nufa, mai iko ko mara ƙarfi? Ta uku: wa ya ɗauki asarar, kuma mai aikin ya tsaya da sunansa ya amsa? Ko aikin da ya tsallake biyun farko yana iya tuntuɓe a ta uku, kamar yadda mutanen Bhopal suka gani.

Najeriya ta san farashin ƙaryar da ba ta bayyana kanta. Wani binciken BBC a 2018 ya nuna yadda aka yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook lokacin rikicin jihar Filato, wasunsu ma ba daga Najeriya aka ɗauke su ba, kuma 'yan sanda sun ce sun taimaka wajen rura wutar ramuwar gayya. Hoton gaske da aka sauya wa wuri da lokaci shi ma sarrafawa ne, kuma yana iya jawo asarar rai.

Abin da ya shafi matasan Najeriya

A Mayu 2018 mawaƙi kuma lauya Folarin Falana, wanda aka fi sani da Falz, ya fitar da This Is Nigeria, inda ya ari tsari da salon bidiyon This Is America na Childish Gambino ya cika shi da matsalolin gida: cin zarafin jami'an SARS, shan kodin, kashe-kashe, da labarin macijin da aka ce ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin JAMB. Ƙungiyar MURIC ta nuna ɓacin rai a kan 'yan mata masu hijabi da aka nuna suna rawa, shi kuma ya ce 'yan matan Chibok yake tunatarwa. Daga baya hukumar NBC ta hana sa waƙar a kafafen yaɗa labarai. Taƙaddamar ta nuna cewa alamar da mai fasaha ya ara tana iya sosa ran waɗanda bai nufa ba, kuma ba shi kaɗai ke yanke ma'anarta ba.

A Oktoba 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, wasu masu iƙirarin alaƙa da Anonymous suka ce sun kai hari shafukan hukumomin gwamnati, aka kuma ƙwace shafin Twitter na NBC na ɗan lokaci aka wallafa saƙonnin goyon bayan masu zanga-zanga. An kuma fitar da wasu bayanai da aka ce na jami'an 'yan sanda ne. Wannan na ƙarshen ya fita daga da'irar zambo, domin fallasa bayanan mutum ɗaya-ɗaya na iya jefa shi da iyalinsa cikin haɗari ba tare da wata kotu ta same shi da laifi ba.

Doka ba ta kallon waɗannan gidaje uku da ido ɗaya. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba a sashe na 6, ta haramta hana tsarin kwamfuta aiki a sashe na 8, ta kuma haramta sojan gona a sashe na 22. Babu inda ta keɓe wanda ya yi domin fasaha ko zanga-zanga. Saboda haka abin da babbar kotu ta wanke a Frankfurt yana iya kai mutum gidan yari a Najeriya. Sashe na 24, wanda aka daɗe ana amfani da shi wajen kama 'yan jarida da masu suka, Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, kuma an yi masa gyara a 2024, amma ƙungiyoyin kare 'yan jarida na cewa kamen bai tsaya ba.

Yanka da ɗinki ya fi samun kariya a rubuce. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta lissafa kwaikwayon ba'a da zambo cikin amfanin da aka halatta ba tare da neman izinin mai aikin ba. Sai dai wannan kariya ta shafi mai haƙƙin mallaka ne kawai, ba ta hana tuhumar ɓata suna. A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da suka yi wa gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, shaguɓe. Amnesty International ta yi tir da hukuncin.

The Yes Men ma sun sha ƙara. Majalisar 'Yan Kasuwa ta Amurka ta maka su a kotu a 2009 bayan sun kira taron manema labarai da sunanta, amma ta janye ƙarar a 2013. Suna da lauyoyi, da kotunan da suka saba kare zambo, da fasfo ɗin da ke buɗe ƙofofi. Matashin da ke Kano ko Kaduna yana da manhajar yanka bidiyo iri ɗaya da tasu a wayarsa, amma ba shi da irin wannan garkuwa. Shi ya sa neman gyaran dokokin ɓata suna da na intanet ya shafe shi kai-tsaye, kamar yadda ya shafi ɗan jarida. Kafin a kai can, abin da ke hannunsa shi ne ya tabbatar mai kallo zai iya gane cewa zambo ne, ya ajiye asalin bidiyon da ya sarrafa domin ranar da za a tambaye shi, ya kuma bar sunan talaka da adireshinsa a waje.